Dambun Ƙasa

Kore Mairuwa, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya baƙunta, yaya Yamai, yaya yaran lakwal, 'yan makarantar da aka damƙa miki ki koyar? Allah ya sa ki shiga aikin nan da ƙafar dama, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki. Mu nan duk lafiya lau, in ban da bayana da kika sani.

To, gaisuwa ta ƙare. Gyara zama, don raina a ɓace yake.

Kwana biyu bayan tafiyarki na zagaya bayan ɗaki zan zubar da toka, sai na ga tulin ƙasar nan da na hana ku taɓawa tun kuna yara an ƙwaƙule shi ta gefe ɗaya. Na tsaya ina kallo, na ce ko kaji ne, amma kaji ba su aiki da shebur. Na tare babanki yana alwala, na tambaye shi. Ya yi ta wanke ƙafa ɗaya har sau biyar kafin ya amsa cewa ke ce kika cika buhu biyu, shi kuma ya ɗora miki a amalanken jaki har tasha, lokacin da na tafi yi wa gwaggonki sannu. Wai kin ce tsakar gidan da kika kama duk siminti ne, kina son ƙasar gida mai albarka, kuma babu wadda ta kai wannan baƙi da laushi. Da ya tuna miki na ce akwai iska a wurin, wai sai kika yi dariya, kika ce ke kin yi karatu, iskokin Inna ba su hawa mota.

"Ai ƙasa ta, ba zinariya ba," in ji babanki. "Mi na yi na laihi?"

Na juya na shige ɗaki, don kada maƙwabta su ji mu. Shekara talatin da wani abu yana cin miyar da ke fitowa daga bidunan nan, jarkokin da nake shuka a ciki, bai taɓa tambayar abin da ke cikinsu ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ƙullin tsumman da na sa miki a jaka, irin barkonon kakarki ne, wanda take kira tankwa, ɗan gajeren nan mai ƙamshi da ba a samu a kasuwa. Kin san damana ta kayar da katangar gabas, awaki suka shigo suka cinye nawa tun bai nuna ba. Abin da ke cikin tsumman nan shi kaɗai ya rage, ban ajiye ko ƙwaya ɗaya ba. Na ba ki duka saboda kina da famfo da katanga, ni kuwa bayana ya daina ɗaukar ruwa. In kika zuba irin nan cikin ƙasar da kika sata, zai tsiro ya yi miki kyau, sannan ya mutu kina kallo, daga nan kuma an gama da shi har abada. Kada ki shuka. Ko kin riga kin jiƙa ƙasar, kada ki kwance ƙullin sai kin karanta takardar nan har ƙarshe.

Kin ga ban kira ki a waya ba. Na san ki, ina fara magana za ki ce rezo ba kyau, ba ki jina. Ban da haka akwai abin da bakina ba zai iya faɗa miki ba, gara hannu ya rubuta. Ba a banza na zauna ajin yaƙi da jahilci da goyonki a baya ba.

Babu iska a bayan ɗakin nan. Ƙarya na yi muku, kuma yau ita ce ta dawo ta cije ni. Bari in ɗauko miki daga farko.

Lokacin da na fara shuka a gida, yayanki Sani yana rarrafe. Tsakar gidanmu rairayi ne, in ka zuba ruwa kafin ka juya ya shanye, ga kaji. Sai na yanka tsofaffin biduna gida biyu, na huda gindinsu, na ɗora a kan dakali. Ƙasar kuwa daga fadama na ɗauko ta a ka, daga lambun tumatir ɗin wani ɗan uwan babanki, kwano bayan kwano. Kakarki ta ba ni irin da hannunta. Ya yi kyau, na yi shekaru ina cin moriyarsa, ina cire tsohon itace in sa sabon dashe a ramin da ya bari. Ban taɓa juye bido ko ɗaya ba. In na tuna nisan fadama da nauyin kwanon, sai in ce ai ƙasa ba ta tsufa. Ƙyuya ce kawai, na sa mata sunan tattali. Ki sani, ƙasar gona tana hutawa, bana gero baɗi wake, rana ta gasa ta wata da watanni. Ta cikin bido ba ta da inda za ta je. Abin da shuka ta ci ya tafi, cutar da ta bari kuma tana nan tana jiran ta gaba. Ba a shimfiɗa wa jariri tabarmar da mai ƙyanda ya tashi a kai sai an wanke, haka ita ma.

Kina da shekara biyar abin ya fara. Barkono ya tashi kore shar, ya fara fure, sai in ga da hantsi ya yi laushi kamar bai sha ruwa ba. In ƙara ruwa, da yamma ya ɗan miƙe, gobe ya koma. Ganye ya yi rawaya, fure ya zube, ya bushe a tsaye.

A nan Hajo ta shigo cikin maganar. Hajo dai da kika sani, Bafillatar da ke kawo mana nono daga ruga, wadda ke tsayawa a ƙofar gida ta yi sallama ba ta shigowa. Sau nawa kina ƙarama kina tambayata me ya sa ba ta shiga, ina ce miki sauri take yi? Da ba haka take ba. Da Hajo ba ta ma sallama. Sai dai in ji ta a tsakar gida tana cewa ina baiwarta Ba'ara, a kawo mata tabarma. Ni kuma in ce ga mayunwaciyar daji ta zo cin tuwon sadaka. Kin san tsakaninmu Arawa da Fulani wasa ne tun kakanni, taubashinka ya faɗa maka abin da ya ga dama, ba ka da ikon fushi. Ita ce ta riƙe ni ranar da na haife ki kafin ungozoma ta iso. Ita ke kawo mini busasshen taki a ƙwarya, ni kuma na ba ta irin barkonon nan ta shuka a gefen rugarsu.

Wata rana ta shigo ta tarar barkono ya yi lif, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Wagga tankwa ta hi ƙarhin Ba'ara. Bana ba ta kai maki, sai ta bushe don haushi." Muka yi dariya, na jefe ta da mara. Kwana huɗu tsakani ya fara laushi.

Shekarar farko ban ce komai ba, amma na riƙe a ciki. Shekara ta biyu ya sake mutuwa. Wata tsohuwa 'yar bori ta ce mini doguwa, aljanar tsamiyar bayan gida, ce ke wucewa ta kan dakalin, na sayi turare na yi ta banka wa barkono hayaƙi, na kwashe bidunan na mai da su yamma. Ƙanen babanki mai shago ya ji labari, ya zo ya yi mini wa'azi mai tsawo a kan shirka da zato. Gaskiya ya faɗa, amma shi ma bai leƙa cikin bidon ba. Na canza wuri, na canza lokacin ban ruwa, na rataya tsohon takalmi don kambun baka. Ƙasar kaɗai ce ban canza ba. Shekara ta uku na zuba sauran irin da nake da shi gaba ɗaya, ya mutu tun bai kai tsawon hannu ba.

Ranar da na tabbata babu sauran ko ɗaya, ranar Hajo ta shigo da ƙwaryarta tana kiran baiwarta. Akwai mata uku a gidan suna tsefe kai. Na miƙe na ce mata, "Ke Hajo, bakinki ya ci mini tankwa shekara ukku. Ki ɗauki nononki, kada ki ƙara sa ƙahwa cikin gidan ga."

Ta zaci wasa ne, ta fara dariya. Da ta dubi fuskata sai dariyar ta tsaya. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, faifan rufin ya faɗi a zaure ba ta juyo ta ɗauka ba. Kafin kasuwa ta zagayo zance ya gama unguwa cewa Bafillatar nan baki gare ta, gidaje da yawa suka daina sayen nononta. Ni na yi mata wannan, a gaban mutane, saboda barkono. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Yadda na gane gaskiya ba wayona ba ne, haushi ne. Bayan damana na dasa tumatir a bidunan, na ce tunda mai bakin ta daina zuwa ai sai ya yi. Ya mutu irin mutuwar barkonon sak. Na fizge ɗaya da ƙarfi zan jefar, sai na ga saiwar. Duk ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, babu siraran gashin nan da ke shan ruwa. Na tumɓuke na biyu, na uku, duk haka. Shekara uku ina yanke matacciyar shuka daga sama in bar gindin a ciki, ban taɓa ganin saiwa da idona ba. Ran kasuwa na ƙulle ta a gefen zane na kai wa malamin gona da ke zama kusa da masu sayar da iri. Kallo ɗaya ya yi mata ya tambaye ni shekara nawa ƙasar ta yi a bidon. Na faɗa masa, ya kama baki. Ya ce wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna shiga saiwa su toshe ta, su bar ƙwansu a ƙasa, kuma mai yiwuwa tun daga lambun fadama na kwaso su a kaina. Na tambaye shi ko baki na iya kawo su. Ya ce shi dai a karatunsa bai ga haka ba, amma zafi na kashe su.

Auta, za ki zauna gidan haya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, da mutanen da ba ki san asalinsu ba. Wata rana shukarki za ta yi laushi bayan wata ta yaba ta. In haka ta faru, tumɓuke ɗaya ki duba saiwa kafin ki duba fuskar kowa. Kuma ba a shuka kaɗai ba. Magana zarar bunu ce, ni na zare tawa a gaban mata uku.

Da malamin ya ce zafi, ban tsaya jin sauran bayani ba, kin san mai haushi ba ya sauraro. Na dawo gida na ɗora kaskon suyar gyaɗa, na zuba ƙasa busasshiya na yi ta soyawa har ta yi ƙauri, hayaƙi ya cika gida. Babanki ya leƙo ya tambaya ko abincin rana ke nan. Na huce haushina a kanta sosai, amma abin da na shuka a ciki ya fito tsamurarre, rawaya, ya ƙi girma. Na ƙone cutar, na ƙone abincin shukar tare da ita. Kada ki soya. Ƙasa ba wuta take so ba, tururi take so.

Ina dambun zogale wata rana dabarar ta zo mini, na koma na tambayi malamin, ya ce haka ne ma ya fi. Ga yadda ake yi, ki karanta sau biyu. Ki tankaɗe ƙasar, ki tsince duk tsohuwar saiwa ki jefa a wuta, kada ki zubar a tsakar gida. Ki yayyafa ruwa ki cuɗa kamar tsakin dambu, yadda in kin dunƙula a hannu za ta kama amma ruwa ba zai ɗiga ba. Ki shimfiɗa tsumma a gindin madambaci, ki zuba ta sakwa-sakwa, kada ki danna. Ki binne ɗan yankin dankali a tsakiya, ki rufe, ki ɗaure mahaɗin tukunyar da tsumma kada tururi ya gudu. In dankalin ya nuna, ƙasar ta yi. Ki sauke, ki bar ta a rufe ta huce, ki ba ta mako guda kafin ki sa iri. Matan unguwa sun yi shekara suna kirana mai dambun ƙasa, suna aiko tambayar ko da mai ake ci ko da ƙuli. Daga baya uku daga cikinsu sun zo aron madambacin.

Ko a nan ma sai da na sake yin wauta. Na turara ƙasa tsaf, na mai da ita cikin bidunan da ban wanke ba, da tsohuwar laka manne a gefe. Rabin aikin ya tashi a banza. Ki wanke bidonki da sabulu, ki ɗauraye da ɗan ruwan jabel, wannan na wankin farin kaya mai kashe cuta, ki kifa a rana. Shebur da hannunki ma haka. Kuma ƙasar da aka turara ta yi tsabta amma da yunwa take fitowa, sai kin haɗa mata taki. Ki nemi na awaki wanda ya shekara ya zama gari. Ɗanyen taki na taɓa zubawa don gaggawa, ya ƙone mini dashe cikin kwana biyu. Buhu biyu ba za su turaru a gas ɗinki ba, kada ki gwada. Ki yi madambaci biyu ko uku, abin da zai ishi irin. Sauran ki ɗaure bakinsa ki jingine nesa da shukar, in bazara ta yi ki baza shi da danshi ƙarƙashin farar leda, ki danne gefuna, rana ta dafa shi fiye da wata guda.

Saura labarin Hajo. Na yi wata biyu ina juya abin a raina kafin na ɗauki faifanta da saiwar nan mai ƙulli na tafi rugarsu da ƙafa. Na same ta tana kaɗa nono. Na durƙusa na nuna mata, na faɗi duk abin da malamin ya ce, na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana juya saiwar a hannu, sannan ta ce, "Na yahe maki, uwar gida. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Uwar gida ta ce. Tunda muke ba ta taɓa kirana da sunan girma ba, sai ranar. Na so ta zage ni, ta ce Ba'ara ba ta da hankali tun asali, ta ƙi. Na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya na ce ƙarya na yi mata, wasu suka koma sayen nononta, wasu har yau suna cewa ai ba a rasa ba. Bayan mako biyu ta yi sallama a ƙofar gida, ta miƙo mini ƙullin tsumma ta ce ga ajiyata. Irin barkonon kakarki ne, daga wanda na ba ta tun muna shiri. Na ce ta shigo ta sha ruwa, ta ce ta gode, tana sauri. Shekara goma sha biyar ke nan tana sauri.

To kin ji inda abin da ke jakarki ya fito. Sau ɗaya ya ɓace a hannuna, matar da na ci wa mutunci ta dawo da shi. Yanzu ita ma ba ta da shi, tun da mai gonar ya karɓi filin da ke gefen rugarsu ba ta sake shuka ba. In ya mutu a hannunki babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Tulin bayan ɗaki kuwa, nan nake juye duk ƙasar da na ga alamar ciwo a cikinta, kafin in sami itacen turara ta. Ko damanar nan na juye bido biyu a kai. Kuɓewa da tumatir na tsirowa a wurin da kansu, tsutsar na samun abin ci, shi ya sa ba ta ƙarewa. Baƙin da ya ruɗe ki na tsohon taki ne, kallon kitse kika yi wa rogo. Kuna yara kuna ɗibarta kuna wasan girki kusa da biduna, sai na ce muku akwai iska, don ya fi gajarta, kuma don gaskiyar tana da Hajo a ciki. Na tura ki lakwal ki daina tsoron abin da babu shi, kin kuwa daina. Ina jin haushinki da kika ɗauki abu a ɓoye ba ki tambaye ni ba, wannan ba tarbiyyata ba ce, kuma sai mun yi maganarsa in kin zo hutu. Amma haushin kaina ya fi yawa. In Allah ya ba ki 'ya'ya, ko yaran ajinki, in kin hana su abu ki faɗa musu dalilin gaskiya ko da zai ɗauki yini.

Na ba direban da zai kawo takardar nan madambacina na ƙasa, wanda bakinsa ya ɗan ɓalle. Kada ki dafa abinci a ciki. Babanki ne ya kai shi tasha da kansa, a ka, ban ce a ɗaura wa jaki ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. In barkonon ya yi, tsinkar farko kada ki sa a miya. Ki shanya, ki raba uku, ɗaya naki na iri, ɗaya nawa, ɗaya ki ƙulle daban ki rubuta sunan Hajo. Ni zan miƙa mata a ƙofar gida in ce daga wurin 'yar da aka haifa a hannunta ne, wadda ta saci ƙasa mai ciwo ta kai birni a mota. Wataƙila ta yi dariya ta ce Arawa dai har 'ya'yansu ba su da wayo. Mun tsufa ni da ita, Auta, kuma ina so in ji ta zage ni ko sau ɗaya kafin ɗayarmu ta tafi.

Allah ya tsare mini ke a zaune da tafe, ya kare ki daga cutar da ake gani da wadda ba a gani, ya tsare harshenki daga abin da ya kama nawa. Ya sa albarka a aikinki da abin da hannunki ya shuka, ya dawo mana da ke lafiya. Babanki yana gaishe ki, Sani da iyalinsa ma haka. Ki gaishe da maƙwabtanki tun ba ki san sunansu ba.

Wassalam.

Ni ce Innarki.